Ranar da Na Sauka a Bakin Gangare

Tun kafin in haifi ko ɗaya daga cikinku nake tsoron shirun motar babanku. Ƙararta ba ta taɓa damuna ba, ko da yake tun tana bayan gari ake jin ta, har kaji su watse. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne in mun kai bakin gangaren nan da ke sauka cikin gulbi, a hanyarmu ta zuwa Mayahi, ya miƙa hannu ya murɗa makulli, inji ya mutu, mota ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Sai ka ji tsakuwa tana ƙara ƙarƙashin taya, ka ji kukan awakin da aka ɗaure a baya, ka ji tarin wani tsoho a saman buhu. Mutane suna son wurin nan, don nan kaɗai ake iya hira ba a ɗaga murya ba. Ni kuwa nan nake riƙe bakin kujera ina karanta duk addu'ar da na iya.

Uwani, ke kika sa na tsallako zuwa wannan labari tun ban gama ba ku labarin yadda aka kawo ni garin Atantane ba. Shekaranjiya kin dawo daga lakwal, makarantarku, da kallabi a hannu, ido ya yi ja, kin ce wata ta ce miki uwarki ce ta kunyata ubanki a gaban mota cike da mutane. Na ce ki je ki ɗebo ruwa. Aji uku na yi na bari, rubutuna a hankali yake tafiya, amma zan sa abin cikin wannan kaye, littafin rubutun nan, yadda ya faru, ke da ƙannenki ku karanta in kun yi hankali.

Motar ita ce dai wadda kuka sani, tsohuwa mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira bashe. Tun lokacin tankinta ya ci tsatsa, don haka daga bido take sha, wato jarka: bido rawaya a bayan kujera, an sa masa tiyo ya bi ta ƙasa zuwa inji. Duk wanda ya zauna gaba yana ganin esansi, man motar, yana raguwa da idonsa, yana kuma shaƙarsa har ya sauka. Babanku, wanda gari ke kira Auta Direba, ya koyi tuƙi wajen wani tsohon direba a tashar Tasawa, kuma a wurinsa ya ɗauko wannan ɗabi'a da suke kira sakin mota. A fitar da ita daga bitesi, wato giya, a kashe inji, a bar gangare ya yi aikin. In an kusa ƙasa, wajen babban gawon da ke kusa da rijiyar makiyaya, sai a murɗa makulli, a jefa bitesi, a ɗaga ƙafa, motar ta yi tari biyu ta tashi da baƙin hayaƙi. Ba shi kaɗai ba, duk direbobin hanyar haka suke yi, kuma wanda ya fi iya sakinta da nisa shi ake yabo. Babanku mutum ne mai tattali, ko ashana ba ya ƙyasta biyu in ɗaya za ta yi. Yakan ce:

"Gangare sadaka ce Allah ya yi wa direbobi. Wanda ya ƙona esansi a kansa ya yi butulci."

Ni ban san inji ba, har yau ban san shi ba. Amma da yake ni matar direba ce, gaba ake sa ni, kuma da yake ina tsoron duban hanya, ƙasa nake duba. A nan na ga abin da sauran ba su gani. In inji yana aiki, babanku da yatsun ƙafa yake taɓa birki, motar ta saurara. In ya kashe, takun farko haka yake, na biyu ya ɗan yi nauyi, na uku kuwa sai na ga jijiyar ƙafarsa ta tashi, ya jingina da kujera yana dannawa kamar mai taka busasshiyar ƙasa. Fuskarsa tana dariya da mutane, ƙafarsa tana kokawa. Sau ɗaya na gwada yi masa magana, muna tsakar gida ina hura wuta. Na ce ni a wurina in na kashe murhu na sake hurawa, karan da nake ci ya fi na wadda ta bar wutarta tana ci a hankali. Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa.

"Salamu, mota ba murhu ba ce. Ki tsaya ga tuwonki, in tsaya ga tuƙina."

Na tsaya ga tuwona. Sai aka haife ki.

Kina da wata huɗu aka ce a kai ki likita a Mayahi a yi miki allurar rigakafi. Bayan girbi ne, ranar kasuwa, motar ta sha buhunan wake har sama, mutane a kan buhuna, awaki tsakanin ƙafafunsu. Na zauna gaba da ke a cinyata, gefena Gwaggo Tabawa mai daddawa da ƙwaryarta. Tun daga gari nake jin nauyin motar a jikina, don duk ramin da ta faɗa sai ta daɗe kafin ta miƙe. Da muka hango bakin gangare na ga hannunsa ya nufi makulli. Ban shirya komai ba, wallahi ban shirya ba. Na dai ji bakina yana cewa:

"Don Allah ka tsaya in sauka."

"Mi ya faru? Amai?"

"A'a. In za ka kashe ta, ka sauke ni da ɗiyar nan. Mu tarar da ku a ƙasa."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Da a hankali na faɗa, da wataƙila ya shanye, amma Gwaggo Tabawa ta ji, kuma abin da Gwaggo Tabawa ta ji na baya sun ji. Ya taka birki, ya zagayo da kansa ya buɗe mini ƙofa, don ba ta buɗuwa ta ciki. Na sauko na goya ki. Wani mai awaki ya leƙo daga sama ya ce:

"Auta, uwargida ta ƙi tuƙinka, mu da ba mu aure ka ba mu sauka ko mu zauna?"

Aka fashe da dariya. Wata ta ce ai jego ne bai sake ni ba. Babanku ya rufe ƙofar. Ya shiga, ya kashe inji, ya sake ta fiye da yadda ya saba, na ga bayanta tana ƙanƙancewa ba ƙara. Ni kuma na bi gefen hanya da ƙafa, rana ta fara zafi, kina barci, kanki yana bugun bayana. Na tarar da su gindin gawo suna jirana, kowa lafiya lau, ba abin da ya sami ko akuya ɗaya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a ranar, Allah ya yafe mini. Na shiga na zauna, ba wanda ya ce mini sannu.

Kafin mu dawo gida labari ya riga mu. Inna, kakarku wadda kika ci sunanta, tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago kai ba ta ce in zo. Na durƙusa. Na ɗauka maganar kunyata ɗanta za ta yi, ashe wani wuri ta fi jin zafi.

"Ke ɗiyar nan, a gidanku haka aka koya miki? Ɗiyar fari ce fa. Mu a zamaninmu ko kuka take yi a gaban mutane sai mu kau da kai, wata ta ɗauka. Ke kuwa kin tsaida mota guda, kin nuna wa gari duka cewa kina son ɗiyarki. Su sauran da ke cikin motar ba uwa ta haife su ba? Shi mai tuƙin ba ɗana ba ne?"

Na ce ku yi haƙuri, Inna. Ta ce haƙuri ya zama dole, amma tunda ban iya kunyar ɗan fari ba, za ta koya mini. Daga ranar, da gari ya waye sai ta aiko a ɗauke ki, ki wuni a ɗakinta, ba a kawo mini ke sai lokacin nono. Ba mugunta ba ce, haƙƙinta ne a al'ada, kuma ta riƙe ki da kyau. Amma ina daka ina jin kukanki ta bayan zana, hannuna ya saki taɓarya, in tuna ba ni da izinin tashi. Babanku kuma bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba. Ya dai koma cin tuwonsa a zaure. A tasha abokansa suka sa shi gaba, in ya zo lodi sai su ce, Auta, ka taho da izini daga gida? Wasu mata biyu uku suka fara cewa su ma a sauke su a bakin gangare, wasu suka koma motar wani, alhali shi ma sakinta yake yi. Kusan wata biyu muka yi haka. Na yi ta tambayar kaina ko tsoro ne kawai irin nawa, don ni tun ina ƙarama ko tsawa aka yi sai na shige ƙarƙashin gado.

Abin da ya kawo ƙarshensa man gyaɗa ne. Kun san sana'ar Inna, ƙuli-ƙuli da mai, kuma kun san ƙaramin kofin shayin nan na gilashi da take awo da shi, wanda ba a yarda yaro ya taɓa. Wata safiya ina taya ta matsa, wata maƙwabciya ta zo tana cewa man da ta saya a wani gida ya fi na Inna yawa. Inna ta ce ta kawo kwalbar. Ta juye a kofinta sau ɗaya, sau biyu, ta nuna mata ashe kwalbar ce mai kauri. Da matar ta fita Inna ta ce, ita ba ta musu a kan abin da za a iya aunawa. Na daɗe ina juya tunkuza kafin na sami bakin magana.

"Inna, esansin nan da ake cewa ana ragewa a gangare, wa ya taɓa auna shi?"

Ta ci gaba da matsa har mai ya daina fita. Bayan kwana uku ta ce wa babanku ranar Alhamis, da ba kasuwa, zai kai ta ta yi wa ƙanwarta barka a wani ƙauye hayin gulbi, kuma da ni za a je in riƙe mata kaya. Ke muka bar ki wajen maƙwabta, wannan kaɗai na roƙa, ta kuma yarda. Da muka kai bakin gangare ta ce ya tsaya. Ta kwance ƙullinta, ta fito da kwalbar lita wadda ta ɗaura wa zare a wuya, da kofin shayin. Ta ce ya cika kwalbar daga bido har zare, ya mayar da tiyo cikinta.

"Inna, mi ke nan kuma?"

"Awo. Ka sauka da ita tana kuka, mu auna. Ka komo ka sauka da ita a mace, mu auna."

"Hawan da zan yi in komo fa? Shi ma esansi ne."

"Na ɗauke ka wata tara ban ce ka biya ni hawa ba. Tuƙa."

Ya tuƙa. Saukar farko inji yana aiki, motar tana cikin bitesi, tana gurnani tana riƙe kanta, ƙafarsa ko taɓa birki ba ta cika yi ba. Ni ce a tsakiya, kwalbar a hannuna. A gindin gawo Inna ta karɓa, ta cika kofinta daga bido, ta zuba a hankali har esansi ya komo zare. Kofi guda ya shiga cif. Muka juya muka hau, babanku yana gunaguni, aka sake cikawa har zare. Ya murɗa makulli, shirun nan ya sauko mana. Na matsa kusa da kunnen Inna na ce, ku dubi ƙafarsa.

Ta duba. Ya taka na farko a wajen wani rami, ya taka na biyu inda hanya ta ɗan karkata. Muna zagayo karkatar sai ga shanu sun cika hanya, suna tsallakawa zuwa rijiya, ba ɗaya da ta waiwayo, don ba abin da suka ji. Ya taka na uku. Na ga jijiyar ta tashi, na ga ya ɗaga daga kujera ya tsaya a kan birkin da duk nauyinsa, hannu ɗaya yana jan birkin hannu. Motar tana rage gudu, amma a nata lokacin, ba a nasa ba. Ba wanda ya yi ihu. Muka wuce gawon da ya kamata mu tsaya, muka shiga tsakiyar garken a hankali kamar mu ma ruwan muka zo sha, har gaban motar ya dafa cinyar wata farar saniya, ta yi tsalle gefe. Nan muka tsaya. Wata saniya ta leƙo da hancinta ta taga tana shaƙar ƙullin Inna.

Mai shanun, wani dattijon Bafillace da malfa da sanda a kafaɗa, ya zo ya shafa cinyar saniyarsa, ya ga ba komai, sannan ya leƙo.

"Direba, motarka ba ta sallama ne? Da mun ji kukanta tun daga sama da na kau da su."

"Ka yi haƙuri, Baffa."

"Ni ba komai. Yau nagge ce, saniya kawai. Da rana tsaka yara ke kawo su."

Ya kaɗa shanunsa ya wuce. Babanku ya tada inji ya koma da baya zuwa gindin gawo, ya zauna hannunsa a kan sitiyari. Motar fa ba kaya, mu uku ne kawai a ciki, kuma na san shi ma lissafin da yake yi ke nan, buhunan wake da mutum ashirin a sama. Inna kuwa ta karɓi kwalbar kamar ba abin da ya faru. Ta cika kofi, ta zuba kaɗan, esansi ya kai zare. Sauran ya rage a kofin, ya ɗan wuce rabi. Babanku ya dube shi, ya ce da ƙaramar murya:

"Kun gani dai. Akwai ragi."

Gaskiyarsa ne, kuma ina so ku riƙe wannan: akwai ragi. Maganar murhuna ba daidai ba ce, a motarmu dai. Inna ta ɗaga kofin sama, rana ta ratsa shi, ta juya shi hagu ta juya shi dama yadda take yi wa mai.

"Akwai. Ga shi nan. Auta, in baƙo ya zo gidanka ka ba shi shayi iya wannan, sai ya ce ka raina shi. A kan wannan kake tsayawa bisa birki da jikata a cikin mota?"

Ta mayar da esansin cikin bido, don ita ma ba ta zubar da abu, ta goge kofin da bakin zanenta, ta ce mu tafi kada a ce ta makara barka. Washegari dai ba a aiko ɗaukar ki ba, jibi ma haka, kuma da yamma babanku ya shigo da kwanon tuwonsa ya zauna bakin ƙofata ya ce miyar ta yi gishiri. Na san an gama.

Ranar kasuwa ta gaba ban je ba, Gwaggo Tabawa ce ta ba ni labari. Ta ce da suka kai bakin gangare hannunsa ya tafi makulli, ya ɗan tsaya a can, sannan ya sauko kan bitesi. Mai awakin nan ya buga rufin mota ya ce yau ba a sake ta ne, muna da hira. Babanku ya leƙa ya ce:

"Inna ta hana."

Aka ce to, maganar uwa ai ba a ja. Ba wanda ya yi masa dariya. Haka maganar ta zauna a gari har yau: Inna ta hana, shi ya yi biyayya, ni kuma ni ce matar da ta sauka. Ban taɓa gyara wa kowa ba, don in na gyara sai in ba da labarin shanun, kuma wannan nasa ne. Na tambaye shi kafin in rubuta, ya ce in rubuta, amma in sa har da cewa akwai ragi. Na sa. Daga baya wani mai gyara a Tasawa ya gaya masa wai motocin yanzu in suna gangara cikin bitesi su da kansu suke yanke esansi, wanda ya fitar da su daga bitesi ma shi ke asara. Wannan ban auna ba, ji na yi. Ya kuma ce masa birkin irin tamu da numfashin inji yake samun ƙarfi, shi ya sa in inji ya mutu yake ƙarewa a taku biyu uku. Wannan kam na gani da idona tun ban san dalilinsa ba. Har yanzu wasu direbobin hanyar suna sakin motarsu, kuma har yanzu in na ji mota ta yi shiru sai in riƙe bakin kujera.

To, Uwani, abin da ba zan iya faɗa miki baki da baki ba ke nan, don ke ta fari ce, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, na sauka, kuma don ke na sauka. Ga roƙona gare ki da ƙannenki, da duk wanda kayen nan ya faɗa hannunsa. In kuna cikin mota kuka ga direba ya kashe inji a bakin gangare, ku yi masa magana da ladabi. In ya ƙi, ku ce ya sauke ku, ku taka da ƙafa, ko da za a yi muku dariya har ƙasa. Kada ki sake yin faɗa da kowa a lakwal saboda ni. In kin karanta kuma, ki mayar da kayen ƙarƙashin tabarma inda kika same shi, kada ki zo ki yi mini maganarsa.